Ungulayen Baba Yamusa

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 7:15 na safe

Bakwai na kwasa yau. Na buɗe ɗakin kaji na tarar da su kwance kusa da mazubin ruwa, sauran suna tattaka su. Kaji ɗari huɗu da tamanin gare ni, duk masu ƙwai. Shekara huɗu ke nan ina kiwo a Orozo, nan bayan garin Abuja, ban taɓa kwasar bakwai a safiya ɗaya ba. Ɗaya takan mutu, biyu sukan mutu idan rana ta yi fushi. Bakwai kam sabon abu ne.

Na duba zankonsu da ƙafafunsu. Ba zan rubuta launin da na gani ba.

Baba ya leƙo da sandarsa ya ce, "Anjalina, me ya kashe kajinka?" Har yau "kai" yake ce mini, Hausarsa ta mayanka ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na ce zafi ne, Baba. Ya ce, "Zafin bana ba shi da kunya," ya wuce gona.

Na zuba su a buhu na ɗaure, na jingine bayan ɗakin kaji. In na dawo daga Jabi zan ƙona. Masu shayi na jirana, Musulmi sun shiga azumi, ƙwai ba ya kwana.

Da Hausa nake wannan rubutu, a bayan littafin da nake rubuta ranakun allurar kaji. Baba bai iya karatu ba, 'yata Glory kuma in ta zo hutu daga makaranta a Keffi Turanci kawai idonta ke gani.

Litinin, ƙarfe 6:40 na yamma

Na dawo na tarar an wanke buhun, an shanya shi a kan igiya.

Baba na zaune a ƙofa yana murmushi. Ya ce, "Yau ma'aikata sun ci albashi. Bakwai! Har Masinja ya ƙoshi."

Ma'aikata su ne ungulayensa. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana share mayanka, kuma a cewarsa ungulu ce abokiyar aikinsa: shi ya share da tsintsiya, ita ta share da baki. Ya ce a da in suka sauka ba a ganin kwanon rufi. Masu sayen kawunansu don haɗa magani suka yi ta zuba musu guba har suka ƙare. Yanzu tara suka rage a duk yankin nan, a kan rimin da ke ƙarshen gonarsa, kusa da falalen dutse. Ya raɗa musu sunayen ofis don tsokanar mutanen Abuja. Darakta ne ke fara ci. Akwai Sakatariya, akwai Direba, Masinja shi ne na ƙarshe, kullum ƙashi yake samu. Bana Sakatariya ta ƙyanƙyashe ɗa guda, na farko cikin shekara uku, Baba na kiransa Sabon Ɗauka.

A gidanmu ba a binne dabba. Mutum kaɗai ake haƙa wa rami. Akuya ta mutu, kaza ta mutu, falalen dutse ake kaiwa, haka kakanmu ya yi. Ni da kaina na sha miƙa wa Baba kazar da zafi ya kashe ya kai musu. Me ya sa ban tuna ba da na jingine buhun nan?

Na ce masa sannu da aiki. Na shiga ɗaki.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 8:00 na safe

Goma sha tara. Na ƙona goma sha ɗaya. Sauran takwas ɗin, a bar maganarsu.

Talata, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kira Oga Ebenezer, mai babbar gonar kaji a hanyar Karshi. A wurinsa na ari kiret ɗin ƙwai ashirin makon jiya da nawa suka kasa. Ina fara magana ya katse ni.

"Madam Anji, zanko ya yi baƙi, abi? Kai ya kumbura?"

Na ce ya aka yi ka sani?

"Murar tsuntsaye ne. Ya shiga nawa tun ƙarshen wata. Amma ba a faɗa o! In kin kai rifot za su zo da farin kaya su kashe duka, har wanda yake lafiya. Maza ki kira masu gasa kaza su kwashe masu rai kafin jibi. Haka kowa yana yi."

Wato da ya ara mini kiret ɗin nan ya san abin da ke gidansa. Na zage shi, Allah ya yafe mini, zagin da ban yi ba tun ina kasuwar Wuse. Ya ce, "Ki yi ta zagi sha, amma ki sayar."

Ba zan sayar wa kowa ciwo ba. Rahoto kuma ba zan kai ba. Kajin nan su ne abin da ya rage mini. Da shagona na atamfa ya ƙi tafiya, mijina kuma ya ƙi zama, na kwaso kaya na dawo gidan Baba, 'yan unguwa suka ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Da kajin nan na rufe musu baki.

Wataƙila ya tsaya a nan. Wataƙila zafi ne da gaske.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe 11:00 na safe

Larabar Toka, farkon azuminmu na Kirista. Fada, limamin cocinmu, ya shafa mini toka a goshi, alhali tun asuba hannuna a cikin toka yake. Kaji arba'in da ɗaya na kwasa yau.

Na sa kwaɗo a ƙofar ɗakin kaji, makulli a wuyana. Baba ya ji ƙauri ya ce, "Me ya sa kana ƙona abinci?" Na ce sabuwar dokar gwamnati ce. Ya yi tsaki ya ce gwamnati ba ta san yunwar ungulu ba.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 7:00 na yamma

Na daina kai ƙwai Jabi. Na gaya wa masu shayi kajina sun shiga hutu. Ɗaya ya ce, "Hajiya, a watan azumi kaza za ta yi hutu?" Shekara huɗu ina gaya masa ni ba Hajiya ba ce, yau ban ma tanka ba.

Na tambayi Baba lafiyar ma'aikata, kamar da wasa. Ya ce ƙalau. Na tuna yadda yakan ce cikin ungulu tukunyar ƙarfe ne, ba abin da ke kama shi. Na riƙe maganar nan yini guda.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 1:00 na rana

Masinja bai sauka ba yau. Baba ya kai musu kayan ciki daga wurin mahauta, takwas suka sauka, shi ya zauna a reshe ya saki fukafukai.

Zafi ne. Kowa na jin zafi.

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe 5:20 na yamma

Muna shirin tafiya coci Baba ya shigo tsakar gida da Masinja a rungume a ƙirji. Wuyansa ya karkace baya, ido a buɗe. Baba bai yi kuka ba ranar da muka binne Mama, ya dai zauna shiru kwana uku. Yau leɓensa rawa yake yi.

Ya ce, "Guba ne. An sa musu guba."

Na ce ajiye shi, Baba, wanke hannunka. Ya ce me zai wanke? Na ɗebo ruwa da omo na kama hannunsa na wanke da ƙarfi har ya ce ina so in cire masa fata ne.

Ya ce ya san wanda ya yi. Jonah. Jonah maharbi, maƙwabcinmu, wanda suke dara tare a gindin mangwaro tun kafin a haife ni. Shekara ashirin da suka wuce Jonah ya taɓa sayar da kan ungulu guda ɗaya lokacin da matarsa ke asibiti. Ya roƙi gafara, Baba ya ce ya yafe. Ashe ajiye ta ya yi.

Na ce Baba kar ka yi saurin zargi. Iyakar abin da na ce ke nan.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 6:00 na yamma

Dakta Nazeefa ta zo. Likitar dabbobi ce, tana aiki da wata ƙungiya mai kula da tsuntsayen da ke neman ƙarewa. Shekara biyu ke nan tana zuwa duk wata ta ƙirga ungulayen, ita ta maƙala musu lambobi masu ruwan ɗorawa a fiffike. Ƙarama ce, ba za ta wuce talatin ba, amma Baba na miƙewa in ta shigo. Ita ce mutum ta farko mai digiri da ta taɓa zama a ƙasa ta rubuta abin da yake faɗa.

Tana azumi, leɓenta ya bushe, amma ta tako har gindin rimi a cikin ranar nan. Mun tarar da Direba a ƙasa yana juyi wuri ɗaya. Ta sa safar hannu da takunkumi, ta ɗebi abin da za ta ɗiba daga bakinsa da na Masinja, ta zuba a kula mai ƙanƙara. Ta ce za a kai ɗakin gwaji a Filato, sai an yi kamar mako.

Ta ce, "Baba, me suka ci kwanakin nan?"

Ya ce, "Abin da suna ci kullum."

A wurinsa gaskiya ya faɗa. Mushen kaza abin kullum ne.

Da muka dawo gida ta tsaya ta kalli ɗakin kajina. "Anti Angelina, ya kaji? Babu matsala ko?"

Na ce lafiyarsu ƙalau.

"Zan iya leƙawa?"

Na ce ki yi haƙuri Dakta, ba na barin baƙo ya shiga, musamman wanda ya taɓa tsuntsu mara lafiya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin yi daidai, wallahi. Da duk masu kaji haka suke da mun huta."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 7:30 na safe

Ban ƙirga ba yau. Na kwashe, na ƙona.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe 6:45 na yamma

Direba ya mutu. Wasu biyu kuma sun faɗo. Saura biyar.

Baba ya je ƙofar gidan Jonah da hantsi, lokacin da mata ke layin famfo, ya tsaya ya buga sanda a ƙasa. Ina jin muryarsa daga gida. "Jonah! Fito ka gaya mini nawa aka ba ka! Kai ɗaya nawa ne?" Jonah ya fito da Littafi Mai Tsarki a hannu ya ce, "Yamusa, na rantse da wannan, rabona da gindin rimi tun damina." Baba ya tofa yawu a gaban ƙafarsa.

Jonah tsoho ne mai ciwon suga, ido ɗaya ya tafi. Ko an ba shi guba kyauta ba zai iya hawa gangaren gonar nan ba. Kowa ya sani, amma Baba ba ya ƙarya, duk Orozo an shaide shi a kan haka. Saboda haka mata suka fara kallon Jonah.

Ina tsaye a bayan ƙyaure. Taku goma ne tsakanina da su.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 2:00 na rana

Baba ya ƙaura gindin rimi. Tun fitowar rana yake tafiya da sanda da adda, sai magariba yake dawowa. Wai gadi yake yi. Na kai masa kunu da ƙosai, ya ce in ajiye. Da yamma na ɗauko kwanon yadda na ajiye shi, tururuwa ce kawai ta ci.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je coci na shiga layin furta zunubi. Mutum huɗu ne a gabana. Da ya rage saura ɗaya na fita kamar zan amsa waya, na hau okada na dawo gida.

In na faɗa wa Fada zai ce in faɗa wa Baba. Kajin ba su ne abin tsorona ba yanzu, sun kusa ƙarewa da kansu. Tsorona Baba ya san da hannunsa ya kai musu. Shekara nawa yana korar masu guba da sanda, a ce shi ya tura musu ita a baro yana murna? Shekararsa saba'in da takwas. Ban san ko zai ɗauka ba.

Ko kuwa kaina nake karewa ina fakewa da shi? Shi ma ban sani ba.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 8:10 na safe

Glory ta kira, wai za ta zo ƙarshen mako. Na ce ta zauna ta yi karatu. Ta ce, "Mami, muryarki fa?" Na ce mura ce, sai da na faɗa na tuna sunan ciwon kajin ke nan.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe 4:00 na yamma

Ba wanda ya zauna kusa da matar Jonah a coci. Benci guda ita kaɗai. Jikarsu mai sayar da awara ta koma gida da kayanta, wai an ce kar a ci abin gidan masu guba.

Na zauna a bayanta ina kallon ɗankwalinta har aka tashi.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 6:30 na yamma

Sakatariya ta faɗo da safe. Baba ya ce tun jiya bai ji kukan Sabon Ɗauka daga sheƙa ba. Ya yi ta kewaya rimin yana ɗaga kai, wuyansa ya ƙage. Ya ce in nemo masa mai hawan bishiya. Na ce to. Ban nema ba, na san abin da za a tarar.

Darakta ya daina sauka. Saura huɗu, in an ƙirga da shi.

Bari in rubuta maganar takwas ɗin nan, tunda takarda ba ta da baki. Ranar Talatar farko, ina cikin ƙona kaji, kananzir ya ƙare. Na shiga gida in ɗauko wani. Da na fito Baba ya riga ya loda sauran takwas a baro, ya kama hanyar gona. Na gan shi. Bayansa nake kallo, rigarsa mai yagaggen aljihu, ƙafar baron tana ƙara. Na ga zanko, na ga ƙafafu, na san ba zafi ba ne tun kafin Ebenezer ya faɗi sunan. Da a ce na kira Baba ya tsaya, da ya tambaye ni dalili, in na faɗi dalili kuwa sai ya gaya wa Dakta, don ba ya ɓoye mata komai. Sai na tsaya da galan a hannu har ya sha kwana.

Na Litinin kuskure ne. Na Talata ni ce.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 12:40 na rana

Dakta ta kira wayata, don Baba ba shi da waya. Ta ce sakamako ya fito, ba guba ba ce. Murar tsuntsaye ce, mai tsanani. Ta ce yawanci ungulu a mushen kaji take ɗaukarta, don haka za a zagaya gonakin kaji na yankin a duba. Ta ce in kula da Baba, in ya yi zazzaɓi ko tari a kai shi asibiti nan take, tunda ya taɓa su da hannu.

Ina jin ƙarar motoci ta wajenta.

Na ce Dakta, kajina saura sittin da biyu.

Ta ce, "Innalillahi. Anti, tun yaushe?"

Na gaya mata duka, har baro. Ba ta zage ni ba. Ta ce da ta sani ranar Litinin ɗin da ta zo da ta hana su taruwa a dutse, da an kwashe gawarwakin kafin sauran su ci 'yan'uwansu. Wataƙila da an tsira da biyar ko shida. A hankali ta faɗa, ba don ta ƙona ni ba. Ta faɗa ne don gaskiya ce.

Na roƙe ta kar ta gaya wa Baba maganar kajin da ya kai. Ta ce, "Ba zan fara ba. Amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba."

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe 7:00 na yamma

Na gaya wa Baba rabi. Na ce ba guba ba ce, ciwo ne, kuma ya shiga kajina, gobe za a zo a kashe su. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Sannu, Anjalina. Wahalarka na shekara huɗu." Ya ɗora hannu a kaina kamar ina yarinya.

Ni yake yi wa jaje.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

Sun zo ƙarfe tara, mutum biyar cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, Dakta ta shida. 'Yan unguwa suka cika bakin hanya. Aka haƙa rami a bayan gida. Arba'in da takwas suka samu da rai. Akwai wata ja mai gurguwar ƙafa da ke bina duk inda na juya in na shiga ba su abinci, ciwon ma ya tsallake ta. Sabo da kaza ba ya hana yanka, haka ake faɗa, amma wanda ya fara faɗa bai tsaya ya kalla ba. Suka zuba su a rami da abincinsu da kiret da garin katako, suka barbaɗa wani farin gari, suka rufe, suka yi feshi har takalmana. Aka auna zafin jikinmu ni da Baba.

Baba na tsaye da sanda yana kallon ramin. Bai taɓa ganin an binne kaza ba. Ya matsa kusa da Dakta ya ce, "'Yata, wannan ciwo, in ungulu ya ci kazan da ya mutu da shi, yana kama shi?"

Dakta ta kalle ni. Ta ce, "Yana kamawa, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai sake tambaya ba. Da suka tafi ya zauna a kan turmi, ya kira ni.

"Ranar da na kai bakwai, ka sani?"

Na ce ina zargi, Baba.

"Ranar da na kai takwas fa?"

Na ce na sani.

"Kana ina?"

Na nuna masa wurin. Ya kalli wurin, ya kalli hanyar gona, kamar yana auna nisan. Ya buɗe tafin hannunsa biyu ya duba, ya rufe. Ya shiga ɗaki ya sakaya ƙofa.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe 1:00 na rana

Bai fito ba. Bai je rimi ba. Na ajiye abinci a ƙofa.

Juma'a, ƙarfe 6:00 na yamma

Ya ɗauki ruwan, ya bar tuwon.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 10:00 na safe

Dakta ta aiko saƙo. Ta duba da madubin hangen nesa, biyu ta gani a kan rimi, Darakta ba ya ciki. Ɗan da ke sheƙa ba ya motsi. Ta ce biyun nan mai yiwuwa su rayu, amma duk mata ne.

Ban shiga na gaya masa ba. Gidan shiru, ba kukan kaza ko ɗaya, ina jin tarinsa ta bango ina ƙirgawa.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 7:20 na yamma

Bayan an taso daga coci Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Kirsimeti da hula. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce, "Sa takalmi. Za mu gidan Jonah."

Na san abin da ake nufi. A gaban mutane ya ci mutuncin Jonah, a gaban mutane za a wanke shi, kuma ni ce zan yi magana. Na shirya. A hanya na yi ta jera kalmomin a raina, har wani sanyi na ji, kamar an kusa sauke mini kaya.

Bai shiga gidan ba. Ya tsaya a ƙofa, a daidai inda ya tofa yawu, ya jira har mutane suka taru. Jonah ya fito yana lalube da sanda, matarsa a bayansa. Sai Baba ya ajiye tasa sandar, ya durƙusa. Gwiwa biyu a ƙasa, da babbar riga.

Ya ce, "Jonah, na yi maka ƙazafi. Ba kai ba ne. Ni na kashe su, da hannun nan, na kai musu kaza mai ciwo."

Jonah ya ce tashi, Yamusa, tashi. Wata mata daga baya ta ce, "To ita mai kajin fa? Ba ta san suna ciwo ba?"

Na buɗe baki. Baba ya riga ni, bai ko waiwayo ba.

"Bai sani ba. Ya ɗauka zafi ne. Ba ya gida ma na kwashe."

Shi ke nan, magana ta mutu. Yamusa ya faɗa, wa zai ja? Matar Jonah har riƙe hannuna ta yi tana yi mini jajen kaji. Jonah ya ɗaga shi, suka tsaya riƙe da juna, tsofaffi biyu suna tangaɗi.

A hanyar dawowa yana gaba ina baya. Sai da muka shiga gida ya cire hula ya rataye, sannan ya juyo.

"Shekara saba'in da takwas ban yi ƙarya a gaban mutane ba. Yau na yi. Kai za ka zauna a garin nan bayan na tafi, shi ya sa."

Na durƙusa na ce Baba ka yafe mini.

Ya ce, "Ɗora tuwo. Ina jin yunwa."

Na ɗora. Na yi miyar kuɓewa yadda yake so, na kai masa. Ya cinye duka, ya wanke hannu, ya ce, "Na gode," kamar yadda ake faɗa wa mai sayar da abinci a tasha.